Mas'udu Mai Rediyo da Katin Baba Ɗanlahadi

Har yau Mas'udu Mai Rediyo ake ce masa a Mairuwa, ko da yake ya fi shekara goma bai kwance rediyo ba. Shagonsa na bakin titi, tsakanin rumfar Gide mai faci da wani shagon taki. A ciki akwai tebur ɗaya, benci biyu, batirin sola, 'yar na'urar wanke hoto, da wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif. Sana'arsa turi. Mutum ya kawo katin memori na wayarsa, a zuba masa karatu ko wa'azi, waƙa ko fim. Yana kuma ɗaukar hoton fasfo.

A Damari aka haife shi, shekara arba'in da bakwai ke nan. Mahaifinsa manomi ne, dawa da masara da 'yan awaki. Mas'udu ya gama firamare bai wuce nan ba, kawunsa ya kai shi Ƙanƙara wurin wani mai gyaran rediyo, ya yi shekara shida a can. Da kaset ya yi tashe ya koma kwafar kaset. Da kaset ya mutu ya sayi kwamfuta ta hannu a Funtuwa ya fara turi. Ya yi 'yan shekaru yana yi a Damari, sai hanya ta lalace, daji kuma ya ɓaci, ya kwaso iyalinsa ya dawo Mairuwa, garin iyayen matarsa.

Abin da ya kai shi ga tsarin kwamfuta na Linux ba sha'awa ba ce, wahala ce. Mai turi yana soka kati talatin ko arba'in a kwamfutarsa kowace rana, kuma kowane kati da irin cutar da ya kwaso. A wata guda sai an wanke masa kwamfuta sau biyu. Wani malamin kwamfuta a wata sakandare a Funtuwa, Malam Salahuddeen, shi yake yi masa wannan aiki, har ya gaji da ganinsa. Wata rana ya ce masa, "Malam Mas'udu, zan sa maka wani tsari da waɗannan cututtukan ba su san hanyar gidansa ba. Amma sai ka yi haƙuri, za ka koma ɗan aji ɗaya."

Ya koma ɗan aji ɗayan. Kafin su rabu Malam Salahuddeen ya nuna masa abu guda da ya ce shi ne tushen komai. A wannan tsari ba a yawo a intanet ana tsintar manhaja daga hannun wanda ba a sani ba. Akwai rumbu guda, an tara manhajoji dubbai a ciki, kyauta, kowace da sunanta da ɗan bayanin aikinta. Akwai kuma wata manhaja mai suna apt, ita ce mai tsaron rumbun. Ka buɗe baƙin allo, ka rubuta mata kalma, ta lissafo maka duk abin da ya danganci kalmar. Ka zaɓi ɗaya, ta ɗauko ta girka maka.

"Ni ɗan manomi ne," in ji Mas'udu. "Da ya ce rumbu sai na gane. Abin da ya rage in san abin da ke ciki."

Turancinsa na firamare ne, don haka ya sayi ƙaramin ƙamus da littafin rubutu mai layi. Bayan la'asar, idan jama'a sun ragu, sai ya zaɓi kalma ɗaya ta Turanci, ya ba apt, ya bi jerin da ta kawo layi bayan layi. Wadda ta yi masa kama da abin amfani ya rubuta sunanta a littafin, da Hausar abin da ya fahimta. Littafi na huɗu yake ciki yanzu. Ta haka ya gano mai rage nauyin sauti, har katin da ke ɗaukar wa'azi hamsin ya koma ɗaukar ɗari da wani abu. Ta haka ya gano mai tace ƙarar tsohon kaset, tsofaffi suka riƙa kawo masa karatun malamansu da suka rasu. Ya gano mai gyara hoto, ita ce ta buɗe masa ƙofar fasfo. Ya taɓa gano wata mai nuna taurari da wata, ya nuna wa mutum biyu, kafin mako ya zagayo mutane sun fara zuwa tambayarsa ranar sallah. Ya ce musu wannan ba hurumin mai turi ba ne.

Ya sha ƙonewa kuma. Wata rana apt ta jero masa dogon rubutu ta tambaye shi ko ya yarda, ya danna amincewa bai karanta ba. Ashe cewa take za ta cire rabin abin da ke kwamfutar. Kwana uku yana zaune gaban baƙin allo babu hoto ko ɗaya. Gide mai faci, wanda sa'ansa ne kuma abokin tsokanarsa, ya riƙa leƙowa yana cewa, "Malam na tsubbu, yau aljanun ba su amsa ba?" Tun daga ranar Mas'udu ba ya danna komai sai ya karanta, ko da zai buɗe ƙamus sau goma.

A ƙarshen daminar 2021 aka rufe sabis ɗin waya a yankin saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba intanet. Ga masu turi wannan ya zama lokacin cunkoso, domin duk wanda ya saba jin abu ta wayarsa sai ya kawo kati. Mas'udu yana da tsarin aikinsa: kati ya zo, ya dubi mai shi, yawanci ya san abin da yake so tun kafin ya buɗe baki. Matashi fim, direba waƙa, dattijo wa'azi. Yawancinsu kalma biyu suke faɗa, "share, cika", wato a goge na ciki a zuba sabo.

Wata safiya wani dattijo ya shigo, dogo, da sandar gora. Baba Ɗanlahadi ne, Bamaguje daga wata rugar noma a ƙasar Sabuwa, wanda ya daɗe da shiga addinin Kirista. Watanni biyar kafin nan mutanen ƙauyensu suka watse, ya zo ya zauna wurin 'yarsa Ramatu da ke aure a Mairuwa. Mas'udu bai san shi ba a lokacin. Baba ya yi sallama, suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa. Ya kwance wata 'yar takarda daga bakin hularsa, ya ajiye kati a kan tebur, ya koma ƙarshen benci ya zauna. Shagon cike yake da samari suna gardamar ƙwallo.

Mas'udu ya ga furfura, ya ga kati, bai tambaya ba. Da layi ya zo kan katin ya share shi, ya fara zuba wa'azi.

Sai da samarin suka fita, shagon ya rage su biyu da Gide a bakin ƙofa, sannan Baba ya matso ya rage murya.

"Ɗana, akwai hoton uwar yaran nan a ciki. Shi nake so ka wanke mini, ko ƙarami ne."

Mas'udu ya dubi allo. An zuba kusan kashi ɗaya cikin uku na katin. Ya tsayar da aikin.

"Baba, mi ya sa ba ka faɗa ba tun da ka shigo?"

"A gaban yaran nan? In ce ina neman hoton mace?"

Matar sunanta Alheri, amma Baba bai ambaci sunan ba ranar, kuma bai taɓa ambata ba a gaban Mas'udu. Daga bakin Ramatu aka ji shi. Alheri ta rasu bara waccan bayan gajeriyar jinya. Ba ta son hoto. 'Yan hotunanta da ke duniya Ramatu ce ta ɗauka da wayarta lokacin da ta je gida da kaka. Wayar ta faɗa ruwa daga baya, katin ya tsira, Ramatu ta ba mahaifinta. Hoton katin zaɓenta ya ƙone tare da ɗakinsu lokacin da ƙauyen ya watse. Ban da abin da ke cikin wannan kati babu wani.

Mas'udu ya faɗa masa gaskiya, bai kewaya ba. Ya ce ya share katin, kuma laifinsa ne da bai tambaya ba. Baba ya miƙa hannu.

"To ba ni abina. Haka Allah ya so."

"Baba, ka bar mini shi. Kada ka sa shi a waya, kada kowa ya taɓa shi."

"Abin da aka share ya dawo?"

"Ban sani ba tukuna. Amma idan akwai mai dawo da shi, yana cikin rumbu."

Gide ya ce daga ƙofa, "Baba, bar masa. In bai dawo da hoto ba ai ka samu wa'azi." Ba wanda ya yi dariya, Gide ya koma kan tayarsa.

Abin da Mas'udu ya dogara da shi wani abu ne da ya taɓa karantawa ya rubuta a littafinsa na biyu: share kati kamar cire alamar gona ne, amfanin yana nan a tsaye har sai an noma wani abu a kansa. Inda wa'azi ya hau ya tafi. Inda bai kai ba, akwai rabo. Kuma jerin sunayen rumbun yana ajiye a cikin kwamfutarsa, ana iya bincikarsa ko babu sabis. Ɗauko kayan ne kawai ke buƙatar intanet. Ya buɗe ƙamus ya nemi kalmomin Turanci na maidowa, da ceto, da ɓacewa. Ya ba apt ɗaya bayan ɗaya. Jerin farko ya yi tsawo, yawancinsa bai shafe shi ba. Ya bi shi da yatsa har azahar. A can ƙasa ya ga wani ƙunshin manhaja mai suna testdisk, bayaninsa ya ce a cikinsa akwai manhajar ceto hotuna, PhotoRec. Ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe.

Sauran ɗaukowa. Funtuwa ma babu sabis. Malam Salahuddeen ya koma Zariya da aiki, can kuwa akwai. Mas'udu ya rubuta wasiƙa ya ba wani direba da ya sani, tare da filashi. Bayan kwana uku filashin ya dawo da ƙunshin a ciki. Ya sa, ya ba da umarnin girkawa, kwamfutar ta ƙi. Ta ce ƙunshin yana buƙatar waɗansu ƙananan ƙunsuna biyu da ba ta da irinsu. Malam Salahuddeen ya ɗauko ne daga tasa kwamfutar, wadda tsarinta ya fi na Mas'udu sabunta.

"Nan na san abin da apt take yi mini duk shekarun nan ban lura ba," in ji shi. "Manhaja ba ta zuwa ita kaɗai, da 'yan rakiyarta take tafiya. Ni na aika a kawo garma, aka kawo ba shanu."

Gide ya ba shi shawara, kuma da gaske yake yi. Ya ce tsohon nan idonsa ya yi rauni, a nemo hoton wata tsohuwa mai kama, a ɗan dusashe shi da manhajar gyaran hoto, a ba shi ya huta. Mas'udu ya ce, "Kai da ke liƙe taya da ƙaro, haka kake son in liƙe wa dattijo zuciya?" Gide ya ce shi dai tayarsa tana kai mutum gida.

Baba kuwa kullum da hantsi sai ya biyo ta gaban shagon. Ba ya shiga, ba ya tambaya. Ya gaisa, ya tambayi gida, ya wuce. Mas'udu ya ce da tsohon zai zage shi da ya fi masa sauƙi.

A rana ta shida ya rufe shago a tsakiyar cunkoson da kowane mai turi ke addu'ar samu. Ya naɗe kwamfutar a cikin bargo ya sa a buhun taki, don kada ta ja ido a hanya, ya sa katin a aljihun ciki ya maƙale da fil. Mai ya yi wuya a lokacin, motoci kaɗan ne, shingayen bincike da yawa. Ya bar Mairuwa da safe, bai shiga Zariya ba sai bayan azahar. A ofishin Malam Salahuddeen suka haɗa kwamfutar da intanet. Mas'udu da kansa ya rubuta umarnin. Apt ta lissafo ƙunshin da 'yan rakiyarsa, ta tambaya ko ya yarda. Ya karanta har ƙarshe, ya amince. Duka aikin bai kai minti biyu ba.

Malam Salahuddeen ya yi dariya ya ce, "Tafiyar yini guda saboda minti biyu."

"Ai haihuwa ma haka take, Malam."

Bai taɓa katin ba tukuna. Malam Salahuddeen ya nuna masa yadda zai kwafi katin gaba ɗaya, har wuraren da ake gani kamar babu komai, ya yi aiki a kan kwafin, ya ajiye na asali. Tun da ya samu intanet, Mas'udu ya sabunta jerin rumbunsa, ya kuma ɗauko manhajoji bakwai da ya daɗe da rubuta sunayensu yana jira. Ya kwana a Zariya, washegari ya dawo.

PhotoRec ba ta da ado. Baƙin allo ne da rubutu, kana zaɓa da kibiya. Mas'udu ya saki aikin da hantsi, lamba ta riƙa hawa a gefen allo. Da ta tsaya, hotuna dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu ta tono. Babu mai suna, lambobi ne kawai. Katin na hannu Ramatu ta saya, don haka har da hotunan mutanen da suka riƙe shi kafin ita: bikin wasu da ba a sani ba, wani mutum da babur ɗinsa ta kowace kusurwa, takardun makaranta. Da yawa sun lalace, sama hoto, ƙasa toka.

Nan wata matsala ta taso wadda bai yi tunaninta ba. Bai taɓa ganin matar ba. Ko ta bayyana a gabansa ba zai san ita ce ba. Bai so ya zaunar da Baba gaban hotuna dubu yana jira, wataƙila a ƙarshe babu. Sai ya aika matarsa ta yi magana da Ramatu, ya ɗauki kwamfutar ya kai gidansa, matan biyu suka zauna a tsakar gida, shi yana daga gefe yana danna na gaba.

Sun wuce ɗari tara babu komai. Ramatu ta fara cewa a bari. Sai ga masara a shanye a kan dutse, ta ce, "Tsaya. Gidanmu ne wannan." Hotunan lokacin kakar sun kai ashirin, yawancinsu masara ce da jikoki. Uku ne Alheri ta fito a ciki. Ɗaya ta juya baya. Ɗaya ya lalace, abin da ya rage a samansa hannu ne riƙe da ƙwarya an ɗaga sama ana sheƙe hatsi, daga nan zuwa ƙasa toka. Na ukun lafiyarsa lau: tana zaune a kan turmi da aka kifar, da zane mai ruwan ƙasa, ta ɗaure fuska tana kallon mai ɗauka. Ramatu ta rufe fuska da mayafi. Da ta samu magana ta ce, "Faɗa take mini a nan. Ta ce in ajiye wayar in zo in kama aiki."

Mas'udu ya wanke na ukun, babba, ya sa a leda mai tauri. Sauran hotunan mutanen da ba a sani ba ya goge su daga kwamfutarsa, ya ce ba nasa ba ne, ba na Baba ba ne.

Washegari da hantsi Baba ya biyo kamar kullum. Shagon akwai mutum biyar. Mas'udu ya ce musu batir ya yi ƙasa, su dawo bayan azahar. Gide ya buɗe baki zai ce rana tana tsaka, ya dubi tsohon, ya ce wa samarin, "Ku zo ku tayar mini da motar can." Suka fita.

Baba ya karɓi hoton da hannu biyu. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya nisanta shi da idonsa, ya kusanto da shi. Ya daɗe.

"Zanen nan a kasuwar Sabuwa na saya mata," ya ce. "Ta ce kalar tsofaffi ce. Ashe tana ɗaurawa in ba na nan."

Mas'udu ya ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Shi ke nan wanda ya fito?"

"Akwai wani, amma ya lalace. Ba fuska a ciki."

"Mu gani."

Mas'udu ya juyo masa da allon. Hannu da ƙwarya, hatsi yana zuba, sauran toka. Baba ya sunkuya har hularsa ta kusa taɓa allon.

"Hannunta ne," ya ce. "Ga inda lauje ya yanke ta. Wanke mini wannan ma."

Mas'udu ya tambaya ko ya yanke tokar, ya bar hannun kawai. Baba ya ce a'a, a bar shi yadda ya fito. Mas'udu ya sa takarda a na'ura, tsohon ya zauna a kan benci, hoton farko a kan cinyarsa, yana jira.